Kwalba Goma Sha Biyu

A Bebeja, bakin titin Doba,
ina da tebur mai ƙafa uku, ta huɗun dutse.
Kwalba goma sha biyu nake jerawa,
fetur jawur kamar shayin da ya kwana.
A jarka ya zo, a bayan babur,
ya wuce jandarma huɗu, kowa da goronsa.
Can bayan gari kuwa, ƙarƙashin tsohuwar gonarmu,
baƙin kogi ke gudu cikin ƙarfe,
ba ya sallama, ba ya barci,
ya nufi tekun da ban taɓa gani ba.

Ina yaro suka zo.
Farar mota, hular kwano, igiyar awo.
Mangwaro bakwai Malam Barmo yake da su,
mai littafi ya rubuta shida,
ya ce ƙaramar ba ta isa a kira ta itace ba.
Ita aka dasa ranar sunana.
Baba bai yi musu ba, ya dangwala yatsa,
ya dawo da keke da bandir ɗin kwano.
Tsatsa ta cinye kwanon,
keken ya riga shi mutuwa,
tawadar ce ta fi daɗewa a idona.

Maƙwabcinmu Najita ya sami aiki,
wata uku yana ɗaga wa manyan motoci tuta.
Har yau hular tana nan,
kazarsa ke ƙwai a ciki.

Ba da baƙo nake ba.
Kura ba ta taɓa yin alkawarin kiwo ba.
Wanda ya ƙetaro teku don mai,
ai ba gaisuwar mutuwa ta kawo shi ba.
Da ɗan gari akan ci gari.
Ina wanda muka ɗora a wuya,
muka yi masa layi a rana, bakinmu da azumi?
Shi ya riƙe musu fitila,
shi ya nuna inda ƙasa ta fi taushi,
ya sa hannu a takardar da ko shi bai gama karantawa ba.

An gina mana asibiti, gaskiya ne,
ɗaki shida, fenti shuɗi.
Awakin Kuluwa suna yabon inuwarsa.
Daren da matata ta durƙusa,
da hasken waya ungozoma ta yanke cibi,
alhali can gefen Kome sama ta yi ja,
ana ƙona abin da ya yi musu yawa.

Talatar da ta wuce, bayan la'asar,
wata baƙar mota ta yi tari, ta tsaya gabana.
Tankinta ya bushe.
Na gane ƙeyar da ke bayan gilashi,
na taɓa manna fuskarta a ƙofar ɗakina.
Bai sauke gilashin ba.
Direba ya fito yana yamutsa hanci:
"Ba ka haɗa da kananzir ba?"
Na ɗora tsumma a mazurari, na tace,
kwalba bayan kwalba, har sha biyu,
motar ta shanye kamar raƙumi.
Ya nemi ragi.
Na rage.
Ban san me ya sa na rage ba,
abin da ya hana ni barci ke nan.

Da asuba na zaga tsohuwar gonar.
Wani ƙwallon mangwaro ya tsiro a kan layin,
daidai inda aka kafa allon hani.
Duk shekara masu adda sukan zo su share,
wai saiwa tana damun bututu.
Na duba gabas, na duba yamma,
na tsuguna,
na juye masa ruwan butata.

Ganye huɗu gare shi.
Ni na ƙirga, kuma na rubuta huɗu.